Ƙwayar tarin fuka da aka ce tana barci a jiki: wa ke riƙe da ita?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya yi tarin fuka bara, ya sha magani wata shida, Alhamdulillahi ya warke. Da aka gwada mu 'yan gida, sai aka ce ni ba ni da ciwon, amma ƙwayar tana jikina tana barci, aka ba ni maganin rigakafi. Ma'aikaciyar ta ce wai fararen ƙwayoyin jinina sun haɗiye ta. To idan sun haɗiye ta, me ya hana su kashe ta? Idan kuma sun kasa kashe ta, me ya hana ta yaɗuwa? Shan maganin ƙarin jini zai taimaka musu? Ni dai lafiyata ƙalau, shi ya sa nake jin nauyin shan maganin."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki rassa uku gare ta amma saiwarta ɗaya: ƙwayar cuta ta shiga cikin wanda aikinsa ke nan ya kashe ta, ba ta mutu ba, kuma ba ta ci gari ba, to waye ya riƙe wani? Na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje ina duba kakin masu tari, daga baya na koma renon fararen ƙwayoyin jini a faranti ina zuba musu cuta ina kallon yadda za su ƙare. Daga nan zan amsa miki.

Mu fara daidaita kalma, domin a Hausa cuta ƙwaya ce, magani ƙwaya ne, abin da aka gina jiki da shi ma ƙwaya ne. Ƙananan ɗakunan halittar da jiki ya ginu da su zan riƙa kiran su sel, ita kuma mai jawo ciwon zan ce mata bakteriya.

Yawancin bakteriya a waje suke ɓarnarsu, cikin jini ko fitsari ko mugunyar ƙurji, inda garkuwar jiki da magani ke iske su a fili. Wasu kuwa sun gane cewa cikin sel ya fi rufin asiri. A cikinsu akwai ta tarin fuka, da salmonela mai kawo taifot, da ta kuturta, da burusela da ake kwasa daga ɗanyen nonon da ba a dafa ba, da kilamidiya mai kawo amodari a ido. Yawancinsu ma sun fi son zama a cikin makrofaj, wato babban sel mai haɗiya wanda ke gadin huhu da hanta da saifa. Ɓarawo ne ya kama haya a gidan ɗan sanda. A 1882 Robert Koch ya bayyana bakteriyar tarin fuka a birnin Balin na Jamus, ranar 24 ga Maris, kuma a wannan shekarar ce wani Barashe mai suna Elie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku a Messina ta Italiya, ya ga wasu sel-sel sun yi dafifi a kanta suna neman cinye ta. Mai cuta da mai gadi a shekara ɗaya aka gano su.

Jakar da ta ƙi zama tukunya

Idan makrofaj ya haɗiyi bakteriya, ba ya sakin ta ta yi yawo a cikinsa. Yana naɗe ta a wata 'yar jaka, sannan ya shiga mayar da jakar tukunya. Wasu famfuna a bangon jakar suna tura asid ciki. A ma'aunin tsami, inda 7 ne ruwa zalla kuma ƙasa da haka tsami ne, jakar takan sauka zuwa wajen 5 ko ƙasa kaɗan. Sai wasu 'yan buhuna da ake kira lisosom, masu cike da sinadaran narkarwa, su zo su haɗe da ita su juye kayansu. Akwai kuma injin da ke sarrafa iskar oksijin ya fitar da guba, dangin ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a kemis. Bakteriyar da ba ta da shiri, cikin 'yan sa'o'i labarinta ya ƙare.

Ta tarin fuka da shirinta ta zo. Rigar maiƙo gare ta mai kauri, wadda ita ce ma dalilin da ya sa idan muka rina kaki da jan rini muka wanke da asid, komai ya kan saki launi ban da ita, sai mu gan ta a madubin ƙara girma siraran jajayen sanduna a kan shuɗi. Sannan tana hana jakar nuna. A 1971 Armstrong da D'Arcy Hart a Landan suka nuna cewa jakar da ke ɗauke da rayayyiyar bakteriyar tarin fuka ba ta yarda ta haɗe da lisosom, amma idan matacciya ce sai haɗuwar ta auku ba gardama. Tsamin jakar ma sai ya tsaya wajen 6 da ɗoriya, wanda bai dame ta ba. Wannan ne amsar reshen farko na tambayarki. An haɗiye ta, amma ba a ɗora tukunya ba.

Horon yunwa

Nan ne nake so ki tsaya sosai, domin mutane sun ɗauka garkuwar jiki sara da suka ne kawai. A gaskiya babban abin da sel ke yi wa baƙon da ya gagara kisa shi ne ya hana shi ci. Kamar yadda ake yi wa gari mai ganuwa a zamanin yaƙi: idan ƙofa ta ƙi ɓalluwa, a tare hanyar hatsi da ta rijiya a zauna.

Abu na farko da ake janyewa shi ne sinadarin ƙarfe, wato ayon. Kusan babu bakteriyar da ke iya hayayyafa ba tare da shi ba. A bangon jakar nan akwai wani famfo mai suna NRAMP1 wanda ke zuƙe ayon da wani ƙarfen mai suna manganis daga cikin jakar ya fitar da su waje. Masu bincike a Montreal ta Kanada ne suka gano shi a 1993, suna neman dalilin da ya sa wani jinsin ɓera ke jure salmonela da dangin tarin fuka, wani jinsin kuma yana mutuwa. A 1998 aka duba mutane a Gambiya, masu tarin fuka sama da 400 da masu lafiya kusan adadinsu, aka tarar wasu nau'o'in wannan famfon da ake gada sun fi yawa a cikin masu ciwon. Bai bayyana duka dalilan ba, amma ya nuna cewa gado yana da nasa kason a dalilin da ya sa gida ɗaya, tabarma ɗaya, wani ya kamu wani ya tsira.

Jiki gaba ɗaya ma yana shiga wannan takunkumi. Idan ciwo ya daɗe, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin wanda ke rage shigar ayon daga hanji, ya kuma hana shi zagayawa cikin jini. Shi ya sa mai tarin fuka yakan yi fari fat, a auna a ce jininsa ya yi ƙasa, alhali sau da yawa ayon ɗin yana nan, kulle shi aka yi. Da zarar maganin tarin ya kama aiki, jinin yakan dawo da kansa. Bakteriyar kuwa ba ta naɗe hannu ba, tana sakin wasu ƙananan ƙugiyoyi masu fizgo ayon daga hannun sel.

To ga batun maganin ƙarin jini. Idan an auna an tabbatar kina da ƙarancin ayon, ko kina da juna biyu an ba ki a awo, ki sha, domin ƙarancin ma yana raunana garkuwa. Amma sayen kwalba a kemis don a "ƙarfafa sojojin jiki" ba shi da tushe, kuma ba kullum yake zama alheri ba. A tsibirin Pemba na Tanzaniya an bai wa dubban ƙananan yara ayon kullum ba tare da tantance mai buƙata ba, a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, sai aka dakatar da wannan ɓangaren binciken saboda kwanciya asibiti da mutuwa sun ƙaru a cikinsu. An buga sakamakon a 2006. A Zimbabwe kuma an ga tarin fuka ya fi yawa a masu yawan shan giyar gargajiya da ake dafawa a gangar ƙarfe, wadda ke cika jiki da ayon. Ba tsoratar da ke nake yi ba. Ina nufin kada ki kai wa wanda aka tsare a kurkuku tuwo.

Wani abin mamaki, sel yana janye wani ƙarfen yana ɗura wani. Yakan tura jan ƙarfe da zinki cikin jakar har su zama guba, ita kuma bakteriyar tana da nata famfunan na fitar da su. Ana ɗurawa tana kwalfewa.

Bayan ƙarfe sai kayan gina furotin. Akwai ɗaya mai suna tiriftofan, wanda sel ke lalata nasa da gangan idan ya ji baƙo, kamar manomin da ya ƙone rumbunsa don kada mahara su ci. A kan kilamidiyar amodari wannan dabarar tana aiki ƙwarai, domin nau'in da ke kama ido ba ya iya ƙera tiriftofan, sai ya daina rabuwa ya yi likimo har a sassauta. Ta tarin fuka kuwa tana dafa nata da kanta, don haka wannan takunkumin bai cika cin ta ba. Kowace cuta da makullin da ke riƙe ta.

Saƙon da ke tayar da mai gadi

Duk waɗannan kayan aikin suna cikin makrofaj tun asali, amma mafi yawansu a kwance suke sai an tashe shi. Masu tashinsa wasu fararen sel-sel ne da ake kira T, musamman masu alamar CD4, ta hanyar saƙon sinadari mai suna intaferon-gama. George Mackaness ne ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa makrofaj yana da hali biyu, na zaune da na tsaye, sannan a 1983 Carl Nathan da abokan aikinsa a New York suka tabbatar intaferon-gama ne ke sauya shi. A tarin fuka wannan saƙon yakan ɗauki makonni kafin ya iso huhu, kuma a cikin waɗannan makonnin bakteriyar tana hayayyafa son ranta.

Bari in gaya miki yadda muke ganin wannan da ido. Mukan shuka makrofaj a faranti mai ramuka, rabi mu ɗiga musu intaferon-gama tun daren jiya, rabi mu bar su haka. Da safe mu zuba musu salmonela, domin ita tana da sauri kuma ba ta kai ta tarin fuka haɗari ga ma'aikaci ba. Bayan kamar rabin sa'a mu wanke, mu sa jantamaisin, maganin da ke kashe na waje amma ba ya ratsa sel sosai. Duk wadda ta rage, a ciki take. Sai mu fasa wasu sel-sel bayan sa'a biyu, wasu kuma washegari, mu shafa ruwan a kan abincin bakteriya mu ƙirga ɗigon da ya tsiro. A waɗanda ba a tasa ba, farantin washegari yakan cika har ƙirga ta gagara sai an sirka. A waɗanda aka tasa, adadin yakan tsaya inda yake ko ya ragu. Abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai shi ne ban taɓa ɗaga farantin na gan shi fes ba. Kullum da saura.

A jikin mutum ma an ga haka. A 1996 aka ba da rahoton wasu yara huɗu daga ƙauye ɗaya a tsibirin Malta waɗanda aka haifa sel-sel ɗinsu ba sa jin saƙon intaferon-gama. Dangin bakteriyar tarin fuka da ke cikin ƙasa da ruwa, waɗanda ba sa yi wa kowa komai, su suka yi musu mummunan kamu. Irin waɗannan yara ko allurar lamba ta BCG da ake yi wa jarirai a dantse tana iya zame musu ciwo, amma wannan abu ne mai wuyar samu ƙwarai, kada ya hana kowa kai jariri. Cuta mai karya garkuwar jiki kuma sel-sel ɗin CD4 take cinyewa, wato masu aika saƙon, shi ya sa tarin fuka ya zama kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ita.

Misalin da ya fi burge ni shi ne kuturta. Bakteriya ɗaya ce, amma ciwon fuska biyu gare shi. Wanda jikinsa ya aika saƙon da ƙarfi, sai ka ga tabo ɗaya ko biyu marasa jin taɓi, ka kankari fatar ka duba ka rasa bakteriya ko ɗaya. Wanda saƙonsa ya yi rauni, ka ɗora a madubi ka ga makrofaj cike maƙil da jajayen sanduna a ɗaure dami-dami kamar itacen sayarwa. Duk wanda ya taɓa ganin biyun a rana ɗaya ba ya sake tambayar ko riƙon sel yana da tasiri.

Idan ta fasa jakar

Wasu bakteriya, kamar shigela mai kawo atini da listeriya, fasa jakar suke yi su faɗa tsakar sel. Ta tarin fuka ma takan huda tata. Sel yana gane yagaggiyar jaka domin sukarin da ya kamata ya kasance a ciki ya bayyana a waje. Sai ya shafa wa bakteriyar alama, ya saƙa sabuwar jaka mai ruɓi biyu a kanta, ya kai ta ga lisosom da ƙarfi. Wannan tsarin sharar cikin gida ne da sel ke cinye tarkacensa da shi, wanda Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016. A 2021 ma an gano wani furotin a sel-sel ɗin mutum da ke narkar da fatar salmonela kamar yadda sabulu ke cin maiƙo.

Idan duk ya ƙi, sel yakan kashe kansa. Mutuwar ma iri-iri ce. Akwai ta natsuwa, inda yake ƙudundunewa da bakteriyar a cikinsa wani makrofaj ya zo ya haɗiye su tare. Akwai ta fashewa da ƙararrawa don kiran agaji. A hanji kuwa, sel ɗin da salmonela ta shiga maƙwabtansa kan matse shi su tunkuɗa shi cikin bayan gida. Bakteriyar tarin fuka ta fi son sel ya ruɓe ya tarwatse, domin a nan take samun fita.

Katangar huhu, da tsadarta

A huhu abin ba na sel ɗaya ba ne. Makrofaj da yawa suna taruwa su kewaye wurin, sel-sel ɗin T su kewaye su, a samu wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero da ake kira giranuloma. Tsakiyarsa takan mutu ta zama fari-fari mai murmushewa kamar awara, ba iska sosai, abinci sai maiƙo. A can bakteriyar take rage numfashi ta kusa daina rabuwa. Wannan shi ne "barcin" da aka gaya miki. Ba gyangyaɗi ne ya ɗauke ta ba, shaƙe ta aka yi. Kuma katangar ba ta siminti ba ce, ta masu rai ce, kullum sai an sabunta ta. Lokacin da aka fara amfani da wasu alluran ciwon gaɓoɓi masu toshe wani saƙo da ake kira TNF, a 2001 aka ba da rahoton mutane da dama da tarin fuka ya tashi musu cikin 'yan watanni da fara allurar.

Ga tsadar abin. Yawancin magunguna suna kama bakteriya ne lokacin da take gina jikinta tana rabuwa. Wadda aka takure ta yi lamɓo, magani sai ya wuce ta. Dama ita mai nawa ce, tana ɗaukar sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wata ta hanji minti 20 ya ishe ta. Saboda haka ne Baba ya sha magani huɗu na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu, ko da yake tari ya tsaya tun da wuri. Ɗaya daga cikin huɗun, firazinamaid, a wuri mai tsami ya fi aiki, wato inda sauran ke gazawa, kuma shigowarsa tare da rifamfisin, wani daga cikin huɗun, ita ce ta sauko da jinyar zuwa wata shida. Naki maganin ma shi ya sa ya zama na watanni. Jira ake yi duk wadda ta motsa a same ta.

Abin da ke sassauta riƙon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da wannan bakteriyar, kuma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai za su yi ciwon a rayuwarsu. Ashe riƙon yana aiki ga mafi yawa. Sai dai haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko bayan kamuwa, kuma ke a cikinsu kike.

Masu sassauta shi sanannu ne: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon suga, taba, giya, tsufa, ƙurar dutse da masu haƙar zinare da masu fasa dutse ke shaƙa, wadda ke kashe makrofaj kai tsaye, sai kuma rashin abinci. A jihar Jharkhand ta Indiya an riƙa bai wa iyalan masu tarin fuka kayan abinci kowane wata, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna sabon kamuwa a gidajen ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Shinkafa da wake da ƙwayar bitamin ne, ba wani tsadadden abu ba. Akwai kuma wanda ya fi damuna a wajen 'yan mata da amare, wato ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dekzametazon ne a ciki, wato maganin rage kumburi, kuma aikinsa ke nan ya kashe irin saƙonnin da na bayyana miki. Mai ɗauke da bakteriyar, idan ta daɗe tana shan su, da hannunta take zare sakata.

Za ki ji ana maganar bitamin D. A faranti gaskiya ne yana sa makrofaj ɗin mutum ya ƙera wani sinadari mai kashe bakteriyar, an nuna haka a 2006. Amma da aka bai wa dubban 'yan makaranta a Mongoliya shi na shekara uku, bai rage kamuwa ba. Abin faranti daban, abin mutum daban. Haka ma yawancin abin da aka gano a wannan fage a jikin ɓera aka fara ganinsa, kuma ɓera ba ya yin tarin fuka irin namu sak.

Gwajin da aka yi miki, na fata ne ko na jini, ba bakteriyar yake gani ba. Yana nuna cewa sel-sel ɗinki na T sun taɓa haɗuwa da ita sun riƙe kamanninta. Wasu masu irin sakamakonki jikinsu ya riga ya gama da ita, wasu kuma tana nan a tsare, kuma gwajin ba ya raba su. Shi ya sa ake ba duk wanda ya zauna da mai ciwon magani. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ban duba ki ba, don haka canza magani ko tsayar da shi maganar ma'aikatan da suka ba ki ce. Shawarata ki shanye shi har ƙarshe. Idan kika ga idonki ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko tafin ƙafa yana zugi kamar ana soka allura, ki koma wurinsu a ranar. Idan akwai rifamfisin ko ɗan'uwansa a cikin abin da aka ba ki, fitsari zai yi ja, wannan ba komai ba ne, amma ki gaya musu in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa domin yana rage mata ƙarfi. Tari da ya kai mako biyu, zufar dare, rama ko zazzaɓin yamma, ko a ke ko a wani ɗan gidan, a kai kaki a gwada. A cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya gwajin kaki da maganin kyauta ne.